Magani Ma Yana Da Dangi

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya san tambayar nan da likita ko malamar asibiti kan yi kafin a rubuta magani: "Akwai maganin da ba ya karɓarka?" Yawancinmu mukan amsa ta da gaggawa, domin hankalinmu yana kan ciwon da ya kawo mu. Wani ya ce babu, alhali kuwa mantawa ya yi. Wata ta ce, "Allura ba ta karɓata," ba ta kuwa san sunan allurar ba. Wani kuma ya ce, "Wani kafso ne ja da baƙi da na saya a kemis bara."

Daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi har zuwa Argungu da ƙauyukan fadamar Gulbin Rima, da wuya a sami gidan da babu ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin kwalla ko a kan taga. Manomin shinkafa da lauje ya yanka, da masuncin da ƙugiya ta soka, da uwar da ɗanta ke tari, kowa ya san hanyar kemis. Magungunan nan sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Amma suna da dangantaka a tsakaninsu kamar yadda mutane suke da ita. Idan jikin mutum ya yi gaba da ɗaya, yana iya yin gaba da ɗan'uwansa, ko da sunansu da launinsu sun bambanta. Akwai kuma waɗanda suna kawai ya haɗa su, babu abin tsoro a tsakaninsu. A wannan wata muna so mu bi wannan dangantaka gida-gida, domin mu san amsar da za mu ba likita ranar da aka tambaye mu.

BORIN JINI DA ABIN DA YA YI KAMA DA SHI

Jikinmu yana da masu tsaro, kamar dogaran ƙofar fada. Aikinsu shi ne su gane baƙon da ya zo da mugunta, su kama shi. Wani lokaci dogaran nan sukan yi kuskure, su ɗauki magani a kan abokin gaba. Sa'ad da suka sake ganinsa, sai su tashi da faɗa, faɗan kuwa a cikin jikin mai shi ake yinsa. Wannan shi ne abin da muke kira borin jini na magani.

Yakan zo ta hanya uku. Na farko mai sauri ne, daga 'yan mintoci zuwa kamar awa guda bayan an sha maganin ko an yi allurar. Jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, leɓe da fatar ido su kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, jiri ya ɗebi mutum har ya faɗi. Wannan yana kisa idan ba a yi hanzari ba. Na biyu yakan fito bayan kwanaki, ƙuraje ne ƙanana da suke bazuwa a jiki, yawanci kuwa sukan baje bayan an daina shan maganin. Na uku ba shi da yawa, amma mugu ne ƙwarai. Bayan mako guda zuwa uku da fara shan magani sai zazzaɓi ya zo, idanu su yi ja, baki da leɓe su ɗaye, fata ta riƙa salewa kamar wanda wuta ta ƙona. Likitocin yara biyu na Amurka, Stevens da Johnson, su ne suka bayyana shi a rubuce a shekarar 1922, har yau kuwa da sunansu ake kiransa.

Akwai kuma damuwar da magani kan kawo wadda ba ta da nasaba da borin jini. Tashin zuciya, da ɗacin baki, da zawo kaɗan, da ciwon kai, halin wasu magunguna ne a jikin mutane da yawa. Manya a cikinmu sun tuna da ƙaiƙayin kulorokwin, wanda kan hana mutum barci kwana biyu. Wannan ƙaiƙayi ya yawaita a tsakanin baƙaƙen fata, amma ba faɗan dogaran jiki ba ne, ba ya kuma hana mutum shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kowane iri. Rarrabe waɗannan shi ne matakin farko.

GIDAN PENISILIN

Babban gida a cikin magungunan nan shi ne na penisilin. Wani masani ɗan Sikotilan, Alexander Fleming, shi ya lura a Landan a shekarar 1928 cewa wata irin funfuna tana kashe ƙwayoyin cutar da ke kusa da ita. Bayan shekara goma sha biyu, Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Okusfod suka tace ta har ta zama magani, aka fara gwada ta a kan mara lafiya a 1941.

Yau gidan ya yi albarka da 'ya'ya. Akwai ita penisilin ɗin ta allura da ta sha, akwai ampisilin, da amoksisilin, da kuloksasilin. Ampiclox da kowa ya sani haɗin ampisilin ne da kuloksasilin. Amoxil amoksisilin ce. Augmentin ma amoksisilin ce da aka ƙara mata wani abu mai taimakonta. Duk waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne. Wanda ɗayansu ya taɓa shaƙe wa maƙogwaro, to, ya ɗauka dukansu haramiyarsa ne, sai dai in likita ya gwada shi ya ce masa ba haka ba.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa cikin hatsari. Mutum ya san allurar penisilin ta taɓa kayar da shi, sai ya je kemis ya ce, "Kada ka ba ni allura, ba ni kafso." A ba shi Ampiclox, ya haɗiye abin da ya gudu. Hanya mai sauƙi ta gane su ita ce a duba ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin babban suna a jikin kwali. Idan ya ƙare da haruffan nan "cillin", ɗan gidan penisilin ne. Launin kafso kuwa ba shaida ba ne, gama kowane kamfani yana zaɓen launin da ya ga dama.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu bari, watau fasa kafso a barbaɗa garinsa a kan rauni ko gyambo. Zuba penisilin a kan fata yana cikin hanyoyin da suke koya wa jiki ƙin ta. Mai yin haka yana iya jawo wa kansa gaba da maganin da zai bukata wata rana don ciwon da ya fi raunin girma.

'YAN UBA, DA MAGANAR ZANEN FUSKA

Gida na biyu shi ne na sefalosforin. Wani likita ɗan Italiya, Giuseppe Brotzu, shi ya samo funfunar da ta haife shi a 1945, a cikin ruwan teku kusa da inda magudanar ƙazanta ta birnin Kaliyari take zuba, a tsibirin Sardiniya. An fara sayar da na farkonsu a 1964. Sunayensu a jikin kwali sukan fara da "cef" ko "ceph". A cikinsu akwai sefaleksin, da sefurokzim wanda ake sayarwa da sunan Zinnat, da allurar seftiriyazon wadda wasu suka sani da sunan Rocephin.

Waɗannan da 'yan gidan penisilin 'yan uba ne. Akwai wani ɗan zobe a tsakiyar ginin kowannensu wanda iri ɗaya ne, da shi kuma suke rushe bangon ƙwayar cuta. Saboda wannan zumunci, shekaru da yawa an koya wa ɗaliban likita cewa cikin mutum goma da penisilin ba ta karɓa, ɗaya zai yi bori idan aka ba shi sefalosforin. Wannan lissafi ya shiga littattafai ya zauna. Daga baya aka gane cewa ya wuce gaskiya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, sefalosforin na farko-farko sukan fito daga masana'anta da ɓurɓushin penisilin a cikinsu, sai aka ɗora musu laifin da ba duka nasu ba ne. Binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa, idan aka haɗa su gaba ɗaya, abin bai fi mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ba.

To, me ya sa wasu suke yin borin, wasu kuwa ba sa yi? Mutanen ƙasar Kabi za su fi kowa saurin fahimtar wannan. A da, idan Bakabe ya shiga kasuwar wani gari, kafin ya buɗe baki an san daga inda ya fito, domin zanen fuskarsa ya riga ya faɗa. Ba wanda yake tambayarsa sunan kakansa. Haka dogaran jiki suke yi a yawancin lokaci. Ban da zoben nan na tsakiya, kowane magani yana da wani reshe a gefensa, shi ne kamar zanen fuskarsa, shi kuma dogaran suka fi riƙewa. Idan zanen sabon magani ya yi kama da na wanda suka yi faɗa da shi, sai su far masa. Idan zanen dabam ne, yawanci sukan bar shi ya wuce, ko da ubansu ɗaya.

Sefaleksin da sefakulo zanensu ɗaya da na ampisilin. Sefadiroksil zanensa ɗaya da na amoksisilin. Ampisilin da amoksisilin kuwa kusan fuskarsu ɗaya. Saboda haka wanda Amoxil ko Ampiclox ya yi wa bori, waɗannan uku su ne zai fi yi wa kaffa-kaffa. Amma seftiriyazon da sefurokzim, da sefazolin da akan yi wa mutum kafin a shiga da shi tiyata, zanensu bai yi kama da na penisilin ba, hatsarinsu kuwa kaɗan ne ƙwarai. Haka ma wasu manyan allurai na wannan zuriya, irin su merofenem, da ake ajiyewa don ciwon da ya gagari saura: ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari ne suke yi wa bori a cikin waɗanda penisilin ba ta karɓa.

SA'AD DA SANƘARAU YA SHIGO

Wani zai ce wannan ai maganar likitoci ce, ina ruwan mai gida da ita? Ruwansa yana nan, musamman a ƙasarmu. Jihar Kebbi tana cikin yankin da sanƙarau yake zagayowa da rani, daga hunturu zuwa zafin bazara. A shekarar 1996 annobarsa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. A 2017 ya sake tashi a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Neja da Kebbi. A farkon 2025 ma ya taɓa yankunan Gwandu da Jega da Aliero.

Babban maganin da ake dogara da shi yau idan sanƙarau ya kama mutum shi ne allurar seftiriyazon. Ciwon kuwa ba ya jira, yana iya kashewa cikin yini guda ko biyu, wanda ya tsira a makare kuma yana iya rasa ji. A ce an kawo yaro wuyansa ya sanƙare, uwa ta ce, "Penisilin ba ta karɓarsa," ta yi shiru daga nan. Ta bar likita cikin duhu. Amma idan ta ce, "Yana shekara biyu aka ba shi ruwan Amoxil, a rana ta huɗu ƙuraje ƙanana suka fito masa, bai kumbura ba, numfashinsa bai canja ba," to, ta buɗe masa hanya, zai yi allurar nan take da kwanciyar rai. Idan kuwa ta ce, "Minti goma bayan ya sha sai fuskarsa ta kumbura ya suma," ta faɗakar da shi, zai auna abin da ya fi, ya kuma ajiye maganin gaggawa kusa da hannunsa kafin ya fara. Duka biyun taimako ne. Abin da ba ya taimako shi ne guntuwar magana, ko kuwa iyaye su hana a yi wa yaro allura saboda tsoro.

GIDAN SALFA

Gida na uku ya girmi penisilin a kasuwa. Wani Bajamushe, Gerhard Domagk, shi ya gano amfanin na farkonsu, aka bayyana shi ga duniya a 1935. Tsofaffinmu sun san ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, watau farar ƙwayar nan M da B ta zamanin dispensa. Yau wanda ya fi shahara shi ne Septrin. Gidan salfa ba shi da zumunci da gidan penisilin ko kaɗan. Wanda penisilin ba ta karɓa yana iya shan Septrin, haka kuma wanda Septrin ba ya karɓa yana iya shan amoksisilin.

Amma Septrin yana da ɗan'uwa na jini wanda mutane da yawa ba su san danginsa ba ne, domin aikinsu dabam. Shi ne Fansidar, maganin zazzaɓin cizon sauro. Wannan ya shafi kusan kowane gida a cikinmu ta hanya biyu. Ta farko, irin wannan magani ne ake ba mata masu ciki a wurin awo, ƙwaya uku a haɗiye gaban malama, daga wata na huɗu, domin kare uwa da abin da ke cikinta. Ta biyu, tun bayan shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012, ana bi gida-gida da damina a jihohin Arewa, har da Kebbi, ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya kowane wata. A cikin ƙwayoyin rana ta farko akwai wannan ɗan gidan salfa.

Rigakafin nan yana ceton yara da yawa, muna kuwa roƙon iyaye su buɗe ƙofa su karɓa. Amma mace ko yaron da Septrin ya taɓa yi wa borin jini, lalle ne a faɗa wa masu rabo ko malamar awo kafin a ba shi. Haka kuma wanda yake shan Septrin a halin yanzu, kamar masu ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki waɗanda akan ɗora a kansa kullum, ba a haɗa masa da Fansidar. Gidan salfa yana cikin waɗanda suka fi jawo mugun ciwon nan mai sale fata. Wanda ya taɓa yinsa ba a sake gwada masa maganin ko ɗan'uwansa, har iyakar ransa. Akwai kuma wani farin man ƙuna da ake shafawa wanda yake da salfa a ciki, da dafson maganin kuturta wanda dangi ne na nesa. Kafin a fara ko wanne, a gaya wa likita.

TAKWARA BA ƊAN'UWA BA NE

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Akwai magunguna da yawa da sunansu ko gininsu yake da ƙamshin salfa, amma zanen da dogaran jiki suke nema ba ya fuskarsu. Lasix mai sa fitsari, da Daonil na ciwon sukari, da wasu magungunan hawan jini, suna cikin waɗannan. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2003, wanda ya bi bayanan dubban marasa lafiya na Ingila, ya nuna cewa babu gadon bori kai tsaye daga Septrin zuwa irin waɗannan. Abin da aka gani shi ne, mutumin da jikinsa ya taɓa ƙin magani ɗaya ya fi sauran mutane saurin ƙin wani, kowane iri ne. Saboda haka a faɗa wa likita, amma kada mai hawan jini ko mai ciwon sukari ya yar da maganinsa da kansa.

Mata masu ciki su lura da wannan. Jan maganin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, da allurar da ake yi wa mai jijjigar haihuwa, a jikin kwalinsu akan ga kalmar "sulphate". Takwara ce kawai. Ba su da abin da ya haɗa su da Septrin, allurar jijjiga kuwa ceton rai ce. Man farar wuta da ake shafa wa ƙazuwa shi ma haka.

SAURAN GIDAJE

Akwai waɗansu gidaje da za mu ambata a taƙaice. Eritiromaisin da azitiromaisin gida ɗaya ne. Tetirasaikilin da doksisaikilin gida ɗaya. Jentamisin da sitireftomaisin gida ɗaya. Flagyl da tinidazol gida ɗaya. Ciprotab da duk waɗanda sunansu ya ƙare da "floxacin" gida ɗaya. A cikin kowane gida bori yana iya tsallakawa daga wa zuwa ƙane, amma ba ya tsallaka katanga zuwa wani gida saboda kama. Wannan labari ne mai daɗi, gama ko wane gida ne ya ƙi mutum, likita yana da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

WANDA MACIJI YA SARA

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A Amurka kamar mutum ɗaya cikin goma yakan ce penisilin ba ta karɓarsa. Da aka gwada irin waɗannan mutane, sai aka tarar fiye da tara cikin goma suna iya shanta lafiya lau. Waɗansu tun asali ba bori suka yi ba. Yaro yana zazzaɓin da zai fito da ƙuraje da ma, kamar ƙyanda ko wani ciwon mura, sai aka ba shi amoksisilin, ƙurajen suka fito, aka ce maganin ne. A ƙasarmu sai mu ƙara da ƙurajen zafi na bazara. Waɗansu kuma sun yi borin da gaske, amma jiki yana mantuwa: cikin mutum goma masu bori mai sauri, kamar takwas sukan rabu da shi bayan shekara goma. Waɗansu kuwa gado suka ɗauka, wai tun da bai karɓi uwa ba, ba zai karɓi 'ya ba. Ƙin penisilin ba a gadonsa haka.

Ɗaukar wannan suna a banza yana da tsada. Amoksisilin ita ce ta farko da ake ba yaro mai ciwon haƙarƙari, watau namoniya. Penisilin ce akan ba yara masu sikila kullum domin tsare su daga cututtuka. Allurarta ce ake yi wa wanda ciwon maƙogwaro ya taɓa wa zuciya, ita ce kuma maganin da aka tabbatar yana kare jariri idan uwa tana da tunjere. Wanda aka rufe wa wannan gida, sai a koma da shi ga magungunan da sau da yawa sun fi tsada, sun fi wahalar da jiki, suna kuma saurin koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

Akwai hanyar warware shakka. Likita yakan saurari labarin tukuna. Idan ya ga abin mai sauƙi ne, yana iya ba mutum ɗan kaɗan ya sha a gabansa, ya zauna ana dubansa. Idan labarin mai nauyi ne, akwai gwaji a kan fata a wurin ƙwararru. Wannan aikin asibiti ne, inda maganin gaggawa yake a shirye. Kada kowa ya gwada kansa ko ɗansa a gida.

ABIN DA KOWANE GIDA ZAI YI

Na ɗaya, mu rubuta. Duk ranar da magani ya yi wa wani a gida ba daidai ba, a ajiye kwalin ko takardar ƙwayar. A sami ɗan littafi a rubuta abu biyar: sunan maganin kamar yadda yake a kwali, da ranar, da ciwon da aka sha shi dominsa, da abin da ya faru a jiki, da tsawon lokacin da ya wuce tsakanin sha da fitowar alamar. Idan da waya mai hoto, a ɗauki hoton ƙurajen da na kwalin. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗan makaranta ya rubuta masa.

Na biyu, mu faɗa ko ba a tambaye mu ba. Ko a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ne, ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, ko ƙaramin asibitin unguwa, ko kemis, a nuna takardar, a roƙa a rubuta a katin mara lafiya. Miji ya san na matarsa, mata ta san na mijinta, gama wanda ya suma ba ya magana. Yaron da za a kai makarantar kwana a ba shi kwafe ya tafi da shi.

Na uku, mu daina rabon ragowar magani. Abin da ya warkar da maƙwabciya yana iya kwantar da ke. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya maganin mura, a bar wanda ya koyi aikin ya ce ana bukatarsa.

Na huɗu, allura a yi ta inda za a iya ceton mutum idan ta juya. Bayan allurar penisilin ko danginta, a zauna kamar rabin awa kafin a hau babur a tafi.

Na biyar, mu san alamar gaggawa. Idan bayan magani fuska ko harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko mutum ya yi laushi zai faɗi, a garzaya asibiti mafi kusa nan da nan. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, mai ciki kuwa a kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a sa shi ya tashi ya yi tafiya da ƙafa. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa madara ko manja. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro. Abin da yake ceto shi ne allurar adirenalin a naman cinya. Idan kuwa zazzaɓi ne da jan ido da ɗayewar baki suka zo tare da ƙuraje bayan kwanaki, a tsai da maganin a tafi asibiti ran nan, a riƙe kwalin a hannu.

Na shida, mu roƙi ma'aikacin lafiya ya kai rahoto. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da takarda mai ruwan ɗorawa da ake cikawa idan magani ya cuci wani. Da irin wannan rahoto ake gane maganin da yake yawan ba da wahala, da kuma jabu.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa riƙe tarihin lafiyar gida. Kun san ranar da kowane yaro ya yi haƙori, kun san wanda ya yi ƙyanda da wanda bai yi ba. Ku ƙara wannan a kai. Kafin rani ya shigo, a zauna da maraice bayan an ci tuwo, a bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a tambaya ko akwai maganin da ya taɓa ba wani wahala, a rubuta. Wanda labarinsa yake da shakka a kai shi wurin likita tun yana da lafiyarsa, a warware, domin ranar da ciwo ya zo da dare amsar tana nan a shirye.